Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Yadda Ginin Filin Jirgin Sama Ke Nuna Wa Fasinja Hanya

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci zuwa filin jirgin sama ya san inda rakiya take ƙarewa. Akwai wata ƙofa wadda 'yan'uwa ba su da ikon wucewa, sai mai tikiti shi kaɗai. A nan ne dattijon da ya san kowane lungu na garinsu, wanda ko da tsakar dare ba ya ɓata a hanyar gonarsa, zai tsinci kansa cikin wani makeken gini mai ƙofofi barkatai, da benaye, da alluna rubuce da harshen da bai sani ba, ga kuma agogo yana ta tafiya ba ya jiran kowa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, to amma a irin wannan wuri tambayar ma aiki ce, domin kowa sauri yake yi, wanda aka tsayar kuma ba lalle ne ya ji harshen mai tambaya ba.

Idan irin wannan fasinja ya ɓata hanya har jirgi ya tashi ya bar shi, abin da aka saba shi ne a ɗora masa laifi, a ce ƙauyanci ne ko rashin ilmin boko. Amma masanan da suka shafe shekaru suna nazarin yadda mutane ke tafiya cikin manyan gine-gine sun daɗe da gano cewa sau da yawa laifin na ginin ne. Shaihin malami ma yana ɓata a tashar da aka tsara ba daidai ba, wanda bai taɓa shiga aji ba kuwa yana iya kai kansa har bakin jirgi a tashar da aka tsara da hankali. Watau ginin kansa shi ne jagora na farko. Alluna da kibiyoyi da lasifika duk daga baya suke zuwa, su taimaka masa in an tsara shi da kyau, ko kuwa su yi ta faman toshe ɓarakarsa in an yi kuskure tun a takarda.

Zamanin da ido ke ganin jirgi

A farkon al'amari babu wannan matsala. Jiragen sama na farko da suka sauka a ƙasar nan sun iso Kano ne ran 1 ga watan Nuwamba 1925, guda 3 na sojan saman Ingila waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a wani fili da ake wasannin dawakai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, daga bisani kuma filin Kano ya zama zango ga jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. A shekarun 1950 har mai busa kakaki ake ajiyewa bisa raƙumi yana sanar da isowar jirgi. Fasinjan wancan zamani yakan shiga ta ƙofar gaba, ya miƙa tikiti, a auna kayansa, ya leƙa ta taga ya hango jirginsa tsaye a fili, in lokaci ya yi ya taka da ƙafa ya hau. Bai bukaci allo ba, domin gani ya kori ji.

Abubuwa uku ne suka raba fasinja da ganin jirginsa. Na farko shi ne yawan jama'a. A 1970 fasinjojin da jiragen duniya suka ɗauka kimanin miliyan 310 ne, amma a 2019 sun kai kimanin biliyan 4.5. Na biyu shi ne girman jiragen. Jirgin nan samfurin Boeing 747, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairu 1970, faɗin fikafikansa kusan mita 60 ne, saboda haka in za a jera irinsa 20 a jikin gini ɗaya sai bangon ya zarce kilomita guda, fasinja kuwa dole ya taka wani abu daga cikin wannan nisa. Na uku shi ne tsaro. Bayan yawaitar fashin jirage a ƙarshen shekarun 1960, Amurka ta tilasta binciken kowane fasinja da jakarsa daga watan Janairu 1973, sauran ƙasashe suka bi, aka kuma ƙara tsanantawa bayan harin 11 ga watan Satumba 2001. Daga nan tasha ta rabu gida biyu, ɓangaren kowa da kowa da ɓangaren waɗanda aka bincika, sa'an nan aka raba masu tashi da masu sauka, aka raba masu tafiyar cikin gida da masu fita waje, kowane rukuni da benensa da barandarsa.

Abin da zuciyar baƙo ke nema

Wani masanin tsara birane Ba'amurke mai suna Kevin Lynch shi ne ya aza harsashin wannan fanni, cikin wani littafi da ya wallafa a 1960. Ya roƙi mazauna biranen Boston da Jersey City da Los Angeles su zana masa taswirar garinsu da ka, ya kuma lura cewa da abubuwa biyar mutum ke riƙe siffar wuri a zuciyarsa: hanyoyi, da iyakoki, da unguwanni, da mahaɗar hanyoyi, da kuma alamun da ake hangowa daga nesa. Wanda ya san tsohon birnin Kano ba zai yi mamakin wannan ba. Ganuwa iyaka ce, Kasuwar Kurmi mahaɗa ce, kowace ƙofa da sunanta, kowace unguwa da kamanninta, wanda ya rikice kuwa sai ya ɗaga kai ya nemi Dala ko Gwauron Dutse.

A 1981 wani masani, Jerry Weisman, ya shigo da wannan tunani cikin gine-gine, ya lissafa abubuwa huɗu da ke sa baƙo ya gane hanya. Na ɗaya, ya iya hango inda za shi daga inda yake tsaye. Na biyu, sassan ginin su bambanta da juna a ido. Na uku, tsarin ginin ya zama mai sauƙin riƙewa a ka. Na huɗu, alluna da lambobin ɗakuna. Abin lura a nan shi ne uku daga cikin huɗun nan aikin mai zanen gini ne, ɗaya tak ne aikin mai rubuta allo.

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san wannan tun da daɗewa. Baƙon da ya zo gidan da bai taɓa shiga ba yakan gane zaure tun daga nesa, saboda tsayinsa da zanen da ke fuskarsa. Yana shiga ya san nan ne wurin sallama da zama. Ƙofar da ke kaiwa ciki an karkatar da ita yadda ido ba zai zarce ba, shigifa kuma tana gaya masa cewa daga nan sai da izini. Babu harafi ko ɗaya a bango, amma ginin ya faɗa masa inda zai bi da inda zai tsaya.

Bambancin filin jirgin sama da gida shi ne halin da baƙon yake ciki. Yana ɗauke da kaya, yana riƙe da fasfo da takardar shiga jirgi yana tsoron kada su faɗi, wataƙila bai runtsa ba daren jiya, ga fargabar makara. Mutum a cikin irin wannan hali hankalinsa kan taƙaita, abin da ke gabansa kaɗai yake gani, shi ma ba duka ba. Saboda haka masu tsara tasha sukan ƙirga wuraren da hanya ta rabu biyu ko uku, domin kowane ɗaya dama ce ta yin kuskure. Sukan kuma ƙirga sau nawa fasinja zai hau bene ko ya sauka, domin wanda ya shiga lif ya fito a wani hawa sau da yawa ya manta ina ne gabas.

Siffar gini da sakamakonta

A shekarun 1970 masu zane sun gwada dabaru iri iri don su maido da sauƙin da aka rasa. A Balin ta ƙasar Jamus an buɗe tashar Tegel a 1974, gini mai kusurwa shida da fili a tsakiya. Mota tana shiga har cikin wannan fili ta ajiye fasinja daidai ƙofar jirginsa, tsakanin mota da jirgi kuwa kimanin mita 30 ne. Mutanen Balin sun ƙaunaci wannan tasha har ranar da aka rufe ta a watan Nuwamba 2020, ko da yake ta daɗe da cika ta batse. A Kansas City ta Amurka an yi irin wannan dabara da gine-gine uku masu siffar kofaton doki, aka buɗe a watan Nuwamba 1972. Ba a yi wata biyu ba sai dokar binciken fasinja ta fara aiki. Ginin siriri ne, babu wurin da za a tara jama'a a bincika su gaba ɗaya, sai aka shiga kafa bangaye a tsakiyarsa ana yanka shi gunduwa gunduwa. Haka aka yi ta lallaɓawa har shekara 50, kafin a buɗe sabuwar tasha guda ɗaya a watan Fabrairu 2023.

A Faris ta ƙasar Faransa kuwa, wani saurayin mai zane, Paul Andreu, ya tsara tasha ta ɗaya ta filin Charles de Gaulle, wadda aka buɗe a watan Maris 1974. Gini ne na kankare mai siffar da'ira, hawa bisa hawa, tsakiyarsa a buɗe, inda bututun gilashi masu matakalar lantarki ke gittawa daga wannan hawa zuwa wancan. A tsarinsa na farko, daga nan hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ke kai fasinja ga ƙananan gine-gine 7 da ke kewaye, inda jirage ke tsayawa. Abin sha'awa ne ga ido ƙwarai, amma da'ira ba ta da farko ba ta da ƙarshe, kowane gefe kuma kama yake da ɗan'uwansa. Wanda ya wuce ƙofarsa yana iya kewayawa ya komo inda ya fara bai sani ba, cikin ramin ƙarƙashin ƙasa kuwa ba rana ba jirgi balle ya san inda ya dosa. Da aka zo gina tasha ta biyu a farkon shekarun 1980, Andreu da kansa ya bar wannan siffa.

Birnin Atlanta na Amurka ya ɗauki wata hanya a 1980. An jera dogayen gine-gine a layi, ɗaya bayan ɗaya kamar kunyoyin gona, aka sa musu haruffa A, B, C, D, aka ratsa ƙarƙashinsu da ƙaramin jirgin ƙasa mai tsayawa a kowane harafi bi da bi. Wanda takardarsa ta ce C ya san zai wuce A da B. Fiye da fasinja miliyan 110 suka bi ta wannan fili a 2019, tsarin kuwa ana iya bayyana shi ga yaro cikin numfashi guda. Filin Daxing na birnin Beijin, wanda aka buɗe a watan Satumba 2019, ya bi ta wata fuska: barandu biyar ne suka miƙe daga cibiya ɗaya kamar yatsun hannu, yadda daga tsakiya zuwa ƙofa mafi nisa bai wuce kimanin mita 600 ba.

Wanda ya fi kowa fito da manufar a fili shi ne Norman Foster na Ingila, a tashar Stansted kusa da Landan, wadda aka buɗe a 1991. Ya kwashe injuna da bututun iska da na'urorin jigilar kaya da tashar jirgin ƙasa duka ya tura su ƙarƙashin daɓe, ya bar wa fasinja zaure ɗaya shimfiɗaɗɗe mai bangon gilashi, rufinsa kuma yana shigo da hasken rana. Nufinsa shi ne mutum ya shiga ta gaba, ya miƙe sosai ba hawa ba sauka, yana hango ɓangaren jirage a gabansa, kamar dai fasinjan zamanin da. Amma da shekaru suka tura, bukatun tsaro da na ciniki suka cika zauren da shingaye da kantuna, miƙaƙƙiyar hanyar ta koma mai lanƙwasa tana ratsa tsakiyar masu sayar da turare da agogo. Dalili kuwa shi ne filayen jiragen sama na samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarsu daga hayar kantuna da wuraren ajiye motoci, mai kanti kuma so yake kowa ya bi ta gabansa. Ashe ko ginin da aka tsara daidai yana iya lalacewa a hannun masu gudanar da shi.

Aikin allo da iyakarsa

Duk kyawun gini, babbar tasha ba ta rabuwa da alluna, kuma wurin da duniya ta koyi wannan sana'a shi ne filin Schiphol na birnin Amsitadam a ƙasar Holan. Sa'ad da aka buɗe sabuwar tasharsa a 1967, mai tsara alamu Benno Wissing da mai tsara cikin gini Kho Liang Ie suka yi shawara a bar bangaye da rufi da launuka masu sanyi, a keɓe ruwan ɗorawa ga allunan nuna hanya, da manyan baƙaƙen haruffa, a rataye su sama suna fuskantar mai tahowa. Aka hana masu kantuna da masu talla yin gasa da wannan launi. Ta haka fasinja ke koyon darasi guda cikin minti na farko, watau duk inda ya ga ruwan ɗorawa maganar tafiyarsa ake yi. Daga shekarun 1990 Paul Mijksenaar ya karɓi aikin, ya ƙara hotuna, ya raba launuka bisa ga bukata, ya kuma sa a rubuta minti nawa mutum zai taka kafin ya kai ƙofarsa. Daga baya hukumar filayen jiragen birnin New York ta ɗauke shi ya gyara nata allunan.

Ƙa'idodin wannan aiki ba su da yawa. Kada a gaya wa mutum abin da bai bukata ba tukuna: wanda bai auna kaya ba, ba ruwansa da ƙofa ta 42. A kafa allo daidai inda hanya ta rabu, a kuma ƙara wani a gaba kaɗan don ya tabbatar wa mai tafiya cewa bai kauce ba. Sunan da aka kira wuri da shi a allon farko, shi za a kira shi har na ƙarshe. Kada kuma a dogara ga launi kaɗai, domin wasu mutane, musamman maza, ba su bambance ja da kore. Hatta siffar haruffa abin kula ce. Don filin Charles de Gaulle ne Adrian Frutiger, mutumin ƙasar Suwizalan, ya zana wasu haruffa masu buɗaɗɗen baki waɗanda ba sa rikicewa da juna ko daga nesa ko daga gefe, aka fitar da su kasuwa da sunansa a 1976.

Saboda bambancin harsuna, Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta sa aka zana hotunan alamu 34 a 1974, aka ƙara 16 a 1979, suka zama 50, aka kuma bar su kyauta ga duk mai so. Su ne asalin yawancin hotunan da ake gani a yau: jirgi mai ɗaga hanci don tashi, mai sunkuyar da hanci don sauka, akwati don wurin ɗaukar kaya. Sun yi amfani ƙwarai, amma hoto ma harshe ne da ake koya. Cokali mai yatsu da wuƙa ba sa nufin abinci ga wanda da hannu yake ci. A ƙofar bayan gida ana bambance namiji da mace da wando da siket, alhali a ƙasashe da yawa doguwar riga tufar maza ce. Kibiyar da ta nuna sama kuwa, a wani wuri tana nufin a miƙe, a wani wuri tana nufin a hau bene. Allo yana aiki ne ga wanda ya riga ya san ƙa'idarsa. Faffaɗar hanya mai haske da ke kaiwa wuri ɗaya kuwa kowa yana fahimtarta.

Ranar da hanya ta zama batun rai

Wanda ke ganin wannan magana ta jin daɗi ce kawai, sai ya dubi abin da ya faru a filin Dusseldorf na ƙasar Jamus ran 11 ga watan Afrilu 1996. Masu aikin walda a kan titin da ke bisa ginin suka sa wuta ta kama kayan da aka shimfiɗa cikin silin, ta yi ta ci a ɓoye, sa'an nan baƙin hayaƙi ya turnuƙe zauren masu sauka. Mutum 17 suka rasu, hayaƙin ne kuma ya kashe su. Wasu lif ne ya sauko da su daga wurin ajiye motoci ya buɗe a tsakiyar hayaƙin. Wasu kuma a wani ɗakin hutawa na fasinja suka maƙale, alhali akwai matakalar tsira 'yan mitoci daga inda suke.

Masu nazarin gobara sun daɗe da lura cewa mutumin da ya firgita yakan nufi ƙofar da ya shigo ta cikinta, ko da akwai wadda ta fi kusa, domin ita kaɗai ya sani. Hayaƙi kuma sama yake fara taruwa, daidai inda aka rataye alluna. Bayan gobarar, kafin a komo da cikakken aiki, sai da aka kira kamfanin mai tsara haruffa Erik Spiekermann ya sake tsara alamun filin gaba ɗaya cikin 'yan makonni.

Tashar alhazai

Babu inda wannan batu ya fi shafar jama'ar ƙasar nan kamar tashar alhazai ta filin Sarki Abdul'aziz a Jidda, wadda aka buɗe a 1981. Kamfanin Skidmore, Owings and Merrill na Amurka ne ya tsara ta, babban injiniyanta kuwa shi ne Fazlur Rahman Khan, haifaffen birnin Daka, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Jidda a 1982. Masu tsarawar sun lura cewa alhaji ba kamar sauran fasinja yake ba. Cikin ayari yake tafiya, yakan yi sa'o'i masu yawa yana jira, yana bukatar wurin alwala da salla da kishingiɗa, da yawa kuma wannan ne hawansu na farko. Saboda haka suka kafa fararen tantuna 210, kowanne mita 45 tsawo da faɗi, a rukuni 10 masu tanti 21 kowanne, gefensu a buɗe, iska tana ratsawa, haske yana saukowa ta cikin rufin ba tare da zafin rana ba. Aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1983.

Alfanun wannan tsari shi ne ido yana kaiwa nesa, babu bangon da ke tare shi. Wahalarsa kuwa ita ce tanti kama yake da tanti, wanda ya tafi alwala yana iya rasa inda ya baro jama'arsa. Abin da ke ceton alhazai a nan shi ne tutocin ƙasashe, da yunifom da jakunkuna iri ɗaya da hukumomin alhazai ke rabawa, da kuma jagoran da ke tafe a gaba. Watau inda gini bai bambanta wuri da wuri ba, sai jama'a su mai da kansu alamu. A 2023 kujeru 95,000 aka keɓe wa Nijeriya, wanda ke nuna yawan mutanen da wannan al'amari ke shafa a shekara guda.

Abin da ya rage a gida

Sa'ad da aka buɗe tashar ƙasa da ƙasa ta filin Murtala Muhammed a Ikko cikin watan Maris 1979, tsarin Schiphol aka kwaikwaya. Daga baya an sami sababbin tashoshi, kamar ta Abuja wadda aka buɗe a watan Disamba 2018 da ta Ikko a watan Maris 2022. Amma tarihin da aka bayyana a sama ya nuna cewa siffar gini ita ce mai sauƙin kwaikwayo. Abin da ke da wuya shi ne horon da ke hana kowane ofis manna takardarsa a bango, da hana allon talla rufe allon hanya, da cire tsohuwar kibiya ran da aka sauya ƙofa. Akwai kuma matsalar da allo ba ya magancewa. Wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato zai wuce waje ta Ikko, dole ya fita daga tashar cikin gida da kayansa ya nemi mota zuwa ta ƙasa da ƙasa, domin gine-ginen ba a haɗe suke ba.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke duba zane kafin a ba da kwangila, akwai tambayoyin da ya kamata a yi tun takarda tana kan tebur. Daga bakin ƙofa ana hango wurin awon kaya? Daga wurin awo ana hango wurin bincike? Sau nawa hanya ta rabu, sau nawa kuma za a hau bene? Ina gurgu da makaho da mai goyo za su bi? In aka ƙara kantuna nan da shekara 10, ina za su zauna ba tare da sun toshe hanya ba? Amsa waɗannan a takarda ba ta cin ko kwabo, amma rushe bangon da aka riga aka gina sai da miliyoyi. Abin da magabata ke nufi ke nan da suka ce tun ran gini tun ran zane.

Game da tashoshin da aka riga aka gina, Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya da hukumomin alhazai suna da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba. A filayen arewa ya dace allo ya yi magana da Hausa tare da Turanci, da boko da ajami, tun da jama'a masu yawa da ajami suka iya karatu, kamar yadda takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ke shaidawa. A wurin bitar maniyyata a riƙa nuna musu hotunan alamun nan da ma'anarsu, da hoton tashoshin Jidda da Madina, kamar yadda ake koya musu ɗawafi da sa'ayi. A kuma tambayi masu shara da masu tura kaya wace tambaya ce fasinjoji suka fi yi musu, a kuma wane wuri, domin duk inda tambaya ɗaya ke maimaituwa, nan ne ginin ya gaza. Wayar hannu mai taswira tana taimakon wanda ya iya ta, muddin da caji da layi, amma ba a gina tasha bisa zaton kowa na da ita.

Ga ɗaliban zanen gine-gine a Zariya da sauran jami'o'i kuwa, jarrabawar da ta fi kowace sauƙin shiryawa ita ce wannan. Kafin a karɓi sabuwar tasha daga hannun ɗan kwangila, a gayyato dattijo daga karkara wanda bai iya boko ba, a ba shi takarda mai lambar ƙofa, a tsayar da shi a bakin shiga, a bi shi a baya ba tare da an ce masa uffan ba. Duk inda ya tsaya yana waige-waige a rubuta, a gyara wurin, sa'an nan a sa ranar yanka ƙyalle.